Ba narka dutse kakanninmu suke yi ba

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na saurari shirinku kan sana'o'in gargajiya, na ji daɗinsa, sai dai inda aka ce mutanen da suna narka dutse ya koma ƙarfe. Ni jikan maƙera ne, kuma ina koyar da ilimin sinadarai a nan Marwa, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ƙarfe tsantsa ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1538 a ma'aunin Salsiyos. Murhun ƙasa na mutanen duwatsun Mandara kuwa yawanci wajen 1200 yake tsayawa, duk da zufar mai zuga. To, ta yaya ƙarfen yake fitowa?

Tama, wato baƙin yashin nan da ake tarawa a gindin rafi bayan ruwan sama, ƙarfe ne da iskar oksijin ta riƙe shi gam. Gawayi aiki biyu yake yi. Yana ba da zafi, sannan idan ya ci wuta a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da iskar kabon monoksayid. Ita ce take ratsa tamar, ta ƙwace oksijin ɗin, ta bar ƙarfe. Abin da yake narkewa ya kwarara shi ne ƙasa da dattin da ke ciki, kashin maƙera ke nan. Ƙarfen kuwa curi yake fitowa, mai ramuka kamar soso, sai an kai shi maƙera an yi ta duka kafin ya zama fartanya. Kakana bai san sunan iskar nan ba, Allah ya jiƙansa, amma ya san gawayin ƙirya ya fi, kuma yana gane wutar da ta nuna daga launinta.

Masu zubin tukwane a kasuwa su ne masu narkarwa da gaske, don alminiyam a digiri 660 yake narkewa. Amma raba shi da tamarsa ya fi ƙarfin gawayi, sai lantarki, shi ya sa masana'antarsa take garin Edeya, bakin kogin Sanaga, inda ake samun lantarki daga ruwan kogin.

Roƙona shi ne ku aika wakili wajen garin Mokolo, a duwatsun Mandara, ya zauna da dattawan da suka ga wannan aiki da idonsu, tun suna da rai. Ɗalibaina suna haddace lissafin wannan aiki a allo, ba su san a bayan garinsu aka yi shi ba.

Na gode.

Mai sauraronku kullum,
daga Marwa, Kamaru