Kira ga malaman da ke koyarwa ta intanet

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da 'yan uwana malamai.

Ni malama ce, ilimin halittu nake koyarwa. A 2020, da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, har UNESCO ta ce ɗalibai sama da biliyan ɗaya da rabi suna zaune a gida, na koma koyarwa ta intanet. Na ɗauki laccata ta awa guda a bidiyo, na ɗora, na haɗa da takardun karatu. Makon farko kusan kowa ya kalla. Zuwa mako na huɗu, masu kai wa ƙarshen bidiyon 'yan kaɗan ne. Da na kira wata ɗaliba mai ƙwazo in ji dalili, sai ta ce mini ko ta shiga ko ba ta shiga ba, babu wanda zai lura. Maganar nan ta zauna mini a rai ƙwarai.

Manyan jami'o'i ma sun gamu da wannan. A 2011, Sebastian Thrun da Peter Norvig sun buɗe kwas ɗinsu na Jami'ar Stanford kan ƙirƙirarriyar basira ga duk mai so. Mutum kusan 160,000 suka yi rajista, amma kusan 23,000 ne suka kammala. Ga malamai ƙwararru, ga darasi mai kyau, sai dai ɗalibi yana zaune shi kaɗai da allon kwamfuta.

Abin da ya gyara mini aji wata tsohuwar dabara ce da Elliot Aronson ya ɓullo da ita a 1971 a makarantun birnin Austin na Amurka. Ana raba darasi gida-gida, a ba kowane ɗalibi a ƙungiya kashi ɗaya, ta yadda babu wanda zai san darasin duka sai ya saurari 'yan ƙungiyarsa. Na gwada da zagayawar jini a jiki. Ƙungiya mutum huɗu: ɗaya ya ɗauki zuciya, ɗaya huhu, ɗaya jijiyoyi, ɗaya ƙwayoyin jini. Masu zuciya na kowace ƙungiya sukan fara haɗuwa a ƙaramin ɗakin Zoom su warware abin da ya shige musu duhu, sannan kowa ya koma ya koyar da nasa. A ƙarshe ƙungiya ta rubuta shafi ɗaya a Google Docs, inda tarihin gyare-gyare ke nuna mini wa ya rubuta me. Ranar da mai huhu bai zo ba, 'yan ƙungiyarsa ne suka kira shi tun kafin in lura. Ɗalibar nan da na kira kuwa ita ce ta zama mai zana wa ƙungiyarsu hoton ɗakunan zuciya huɗu.

Bidiyon ma na datse su. Binciken da Philip Guo da abokansa suka yi a 2014 kan bidiyon edX, wani dandalin koyar da kwasa-kwasai ta intanet, ya nuna hankalin masu kallo yakan ragu sosai bayan minti shida, don haka yanzu kowane bidiyo nawa batu ɗaya ne, da tambaya ɗaya a ƙarshe wadda za a amsa a ƙungiya. Wanda intanet ɗinsa ba ta da ƙarfi yakan turo nasa bayanin da saƙon murya ta WhatsApp, kuma ina karɓa. Maki kuwa rabi na ƙungiya ne, rabi na mutum, don kada mai ƙoƙari ya yi dakon wanda ya naɗe hannu.

Roƙona ga shugabannin makarantu shi ne su san cewa tsara irin wannan darasi yana cin lokaci fiye da tsayawa gaban allo. Raba batu ɗaya gida huɗu da rubuta tambayoyinsa yakan ɗauke ni kwana biyu ko uku. A sa waɗannan awoyi cikin lissafin aikin malami tun kafin a fara zangon karatu.

Na gode,
Wata malamar ilimin halittu