Wadda ba ta da ikon cewa a'a, ta yaya za a ce tana so?

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani littafin soyayya da na karanta a waya, irin waɗanda ake saki shafi-shafi a guruf ɗin WhatsApp, sai ka tura kuɗi a saka ka. Ba zan kama sunansa ba don irinsa sun cika gari.

Yarinyar marainiya ce 'yar SS2, a gidan yayan babanta ake riƙonta, shi kuma jarumin babban ɗan gidan ne ya haura 40, mai kamfani, wai miskili ko dariya ba ya yi. Shi ke biyan kuɗin makarantarta, shi ya kama wa mahaifiyarta haya, yayanta ma direba ne a kamfaninsa. Ya mare ta, ya ƙwace wayarta, ya kori yaron da take so, aka ɗaura aure ko tambayarta ba a yi ba, can wajen ƙarshe sai marubuciyar ta ce mana ai duk kishi ne da tsananin so, yarinya kuma ta dawo tana kuka tana ba shi haƙuri. 'Yan guruf kuwa sai addu'a suke wai Allah ya ba su irin Yaya, wato shi jarumin, wallahi abin ya tsaya min a rai.

Ni fa ba tazarar shekaru ce ta dame ni ba. Nana Khadija ta girmi Manzon Allah (SAW), kuma a cikin garin nan gidaje nawa ne miji ya ba matarsa shekaru masu yawa suna zaune lafiya. Abin tambaya shi ne in yarinyar nan ta ce ba ta so me zai same ta? Makaranta ta tsaya, a watso kayan uwarta waje, yayanta ya rasa aiki. Duk igiyoyin rayuwarta a hannunsa suke, to ina zaɓin yake?

Addini ma bai yarda ba. A Bukhari akwai labarin Khansa'u bint Khidam, mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara wajen Annabi (SAW) ya raba auren. Budurwa kuma sai an nemi izininta, e an ce shirunta yarda ne, amma shirun kunya daban shirun tsoron a kore ki daga gida daban.

Abin da ya fi ba ni takaici, lokacin da littattafan soyayya suka bazu a Kano daga shekarun 1980, mata marubuta auren dole suka yi ta yaƙa da alƙalaminsu, ana zaginsu ana cewa suna ɓata tarbiyya ba su fasa ba. Yanzu kuma auren dolen aka shafa wa hoda aka ba shi mota da gida a Nassarawa GRA.

Ba ina kiran a ƙona littattafai kamar yadda aka yi a 2007 ba ne, hukumar tace fina-finai da ɗab'i ma ba za ta iya bin kowa cikin wayarsa ba. Da marubuta nake, 'yan uwana mata. Ku rubuta babban mutum ya so yarinya, ba laifi, amma ku bari ta gama makarantarta, a tambaye ta, kuma in ta ce a'a kar uwarta ta kwana a titi. In ya mare ta kuwa a samu ko mutum ɗaya a cikin littafin da zai ce masa zalunci ya yi, don 'yan sakandare ma suna karantawa.

Daga wata mai karanta jaridarku,
Gwammaja, Kano