Rahoton Ayyukan Shekara: Gwajin Kitsen Jini ga Waɗanda Asibiti Ya Yi wa Nisa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa maza da mata.

A taron bara a nan Katsina kun ɗora wa kwamiti aiki biyu: a ƙara gwajin kitsen jini, wanda likitoci ke kira kwalastarol, a kan awon hawan jini da suga da muka saba yi, kuma a kai shi ga waɗanda ba mu taɓa gani a layinmu ba. An ambaci Fulanin ruga, da Maguzawan ƙauyuka, da 'yan uwanmu da 'yan bindiga suka raba da gidajensu a Batsari da Jibiya da Safana, suna raɓe a unguwannin bayan ganuwa.

Wasu sun tambaya a lokacin, me ya kai mu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Ko a ƙasashen masu kuɗi, tsiraru ne ke shan wuya. Hawan jini ya fi yawa a baƙaƙen fatar Amurka fiye da fararensu, a Ingila kuma 'yan asalin Indiya da Pakistan da Bangaladash sun fi saurin kamuwa da toshewar jijiyoyin zuciya. Shahararren binciken nan na garin Framingham a Amurka da aka fara a 1948, wanda aka daɗe ana auna haɗarin ciwon zuciya da shi, kusan duk fararen fata aka yi da su. Namu tsirarun kuwa ko awon farko bai kai gare su ba.

Mun yi wata fita ranar 17 ga Mayu, ranar hawan jini ta duniya, ta ƙarshe kuma ranar 29 ga Satumba, ranar zuciya. Maganar da muka fi ji a ruga ita ce, "Ku dube ni, ina kitsen yake?" Kuma da gaskiyarsu a ido, mutum ne siriri, yana yini bin shanu. Ma'aikaciyar jinya da ke tare da mu ta sha bayani har muryarta ta dishe: hanta ce ke sarrafa mafi yawan wannan kitsen, ana gadonsa, ba ya ciwo, ba ya sa jiri. Yana taruwa ne a bangon jijiya shekara da shekaru, ranar da ta toshe sai a ji mutum ya dafe ƙirji ya faɗi, ko ɓarin jiki ya shanye. Da yawa daga gidajen da muka shiga, iska ko sammu suke ɗora wa shanyewar ɓarin jiki. Ba mu yi jayayya da kowa ba, mun dai roƙi a bari a auna 'ya'yan mai ciwon.

Ga masu riƙe da takardar sakamako suna tambayata a waya: jimillar kitsen ana so ta kasa miligiram 200 a kowace desilita. LDL, shi ne mugun, ƙasa da 100 ya fi. HDL, mai kwashe kitse zuwa hanta, idan ya gaza 40 ga namiji ko 50 ga mace ya yi kaɗan. Amma lamba ɗaya ba ta yanke hukunci. Likita zai haɗa ta da shekaru, da hawan jini, da suga, da shan taba.

Abin da ya fi faranta mani rai bana shi ne azumi. Ɗakin gwajin ya nemi mutum ya yi awa 9 zuwa 12 bai ci komai ba, abin da ke gagarar manomi da ya sha koko tun asuba. A Ramadan kuwa, bayan La'asar kowa ya cika sharaɗin. Limamin da muka tuntuɓa ya yi wa jama'a bayani cewa ɗan jinin gwaji ba ya karya azumi, mata suka fito fiye da kowane lokaci.

Yanzu ga inda muka gaza, kuma ba zan ɓoye ba. Sakamakon fita ta biyu ya yi makonni a ɗakin gwaji, kafin ya iso wasu makiyayan sun tashi, takardunsu na nan a jakata. Waɗanda muka tura Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Babban Asibitin Katsina, wasu kuɗin mota ya hana su zuwa. Wasu an rubuta masu maganin rage kitse, irin su atorvastatin, suka sha wata ɗaya suka ajiye, a zatonsu kamar na zazzaɓi ne. Wannan ya dame ni ƙwarai. Mun tsorata mutum da lamba, muka bar shi da ita. Wata dattijuwa daga Batsari ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, ka gaya mani ciwon, to maganin fa?" Har yau ban koma mata da amsa ba.

Ɓangaren mata sun yi zaman girki. Ba a hana kowa tsire ko man shanu ba, an ce a rage, a cire kitsen nama, a daina maimaita man suyar ƙosai da awara har ya yi baƙi. Wake, gero, zogale da kuɓewa duk suna hannu. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙule.

Bayanin kuɗi ma'aji zai karanta. Buƙatar kwamiti guda ce: kada mu buɗe sabon wuri baɗi, mu koma wa waɗanda muka riga muka auna, a ware wani kaso na kuɗin wata don magani da mota, a kuma samu mutum ɗaya a kowace ruga da unguwa mai riƙe da sunaye da waya. Za a kaɗa ƙuri'a a kai bayan sallar Azahar. Mai jin Fulatanci da zai iya binmu ya ba ni sunansa kafin a tashi.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya