Mai son bin gaɓar teku a keke, ya tashi daga Takoradi ya fuskanto gida

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini don mu yi magana da matasan da ke fitowa da kekuna ranakun Asabar da Lahadi a nan Jos da kuma Abuja. Zancen da ya cika bakinsu yanzu shi ne doguwar tafiya a bakin teku a ƙasar waje, kuma da an ambaci haka sai hankali ya tafi Turai ko Amurka. Hanyoyin can suna da kyau, babu musu. A Faransa akwai wadda ta tashi daga Roscoff ta dire Hendaye a kan iyakar Sifen, fiye da kilomita 1,200, mafi yawanta ba a haɗa ka da mota. Ta yammacin Amurka, daga Vancouver a Kanada zuwa iyakar Meziko, ta kusa kilomita 3,000. Sai dai kafin taya ta taɓa ƙasa a can, an sha layin biza, an sayi tikitin jirgi da dala. Alhali ga teku a ƙofar gida. Daga Takoradi a Gana zuwa Kwatano kimanin kilomita 600 ne, an ratsa ƙasa uku, kuma ɗan Najeriya ba ya bukatar biza, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar shiga ya zauna har kwana 90. Fasfo mai sauran wa'adi da katin allurar shawara su ne takardun.

Abu na farko da ake kuskurewa shi ne inda za a fuskanta. Kowa yana so ya tashi daga Legas ya nufi yamma, don haka taswira ta nuna masa. Mu dai shawararmu a saka keken a mota har Takoradi, sannan a hau a nufo gabas. A yawancin watannin shekara iskar wannan gaɓa daga kudu maso yamma take busowa, kuma takan ƙara ƙarfi da rana ta yi tsaka. Wanda ya nufi yamma da jakunkuna a gefe biyu, kullum gaba da gaba yake da ita, kamar mai hawan tudun da ba ya ƙarewa. Wanda ya nufo gabas kuwa tura shi take yi. Sannan a Gana da Togo da Benin duk a hannun dama ake tuƙi kamar nan gida, saboda haka mai tahowa gabas teku na damansa, babu layin motoci tsakaninsa da abin da ya zo gani. Lokacin da ya fi dacewa daga ƙarshen Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Manyan ruwan sama na Afrilu zuwa Yuli, akwai ƙaramin damina kuma wajen Satumba da Oktoba.

Yanzu sai keken, kuma a nan muke so mu daɗe, domin keken da ya shekara biyar a Jos ba tsatsa zai iya canza kama cikin mako ɗaya a bakin teku. Ba sai ya shiga ruwa ba. Iskar kanta ɗauke take da gishiri, takan sauka kamar raɓa a kan ƙarfe, rairayi ya zo ya manne a kai. Sarƙa ce ke fara kuka. Wanda ya saba labta mata baƙin mai na inji, to ya haɗa wa rairayi wurin zama, su biyun su zama kamar dutsen wasa wuƙa suna cin sarƙa da haƙoran firiwil, wato faifan haƙoran ƙafar baya da sarƙa ke juyawa. Yadda ake yi shi ne kowace yamma a sami ruwan rijiya ko na famfo kwatankwacin lita biyu, a ɗauraye sarƙa da giya da birki, a goge da tsumma har su bushe, a ɗiga man keke ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda baya kamar sau ashirin, sannan a goge na waje tas. Man da ke ciki shi ke aiki, na waje datti kawai yake kira. Kafin a bar gida a auna sarƙar da rula: gaɓa 10 cikakku (kowace cikakkiya ta ciki ce da ta waje a haɗe) a sabuwa milimita 254 ne. Idan ta kai 256 ta miƙe, a canza ta, in ba haka ba za ta fara tsallake haƙori daidai lokacin da aka taka da ƙarfi.

Akwai wata illar gishiri da ba a ganinta sai an dawo. Sandar sirdi ta alminiyam a cikin firam na ƙarfe, idan ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu, sukan haɗe kamar an yi musu walda, har sai an kai ga yanka. A zare sandar tun a gida a shafa mata giris, haka ma zaren feda da kowane noti na kariya, wato ƙarfen ɗora kaya. Wayoyin birki da na giya a sa sababbi marasa tsatsa. Robar birki a ɗauki ƙarin guda huɗu, don rairayi kan shige cikinta ya riƙa kankare rim. Da an ji wannan ƙarar ta ƙas-ƙas a tsaya a ciro tsakuwar da bakin wuƙa.

Game da irin keken, kada tsada ta ruɗi kowa. Keken tsere mai siririyar taya ba na wannan aiki ba ne. Firam na ƙarfe ya fi, don ko ya tsage mai walda na kowane gari zai ɗinke shi, abin da ba zai yi wa alminiyam ba. Ƙafa mai inci 26 ita ce za a sami tayarta da tif ɗinta a kasuwannin hanya, faɗin taya kuwa inci 1.75 zuwa 2. A tabbata bawul ɗin irin na mota ne mai kauri, wanda kowane mai faci zai iya ba shi iska. Siririn nan na kekunan tsere sai ka nemi famfonsa ka rasa. Da kaya a kai, iska 50 zuwa 60 a agogon mai faci ta isa kan kwalta, a rage zuwa wajen 30 idan an shiga rairayi, a mayar da an fito. Ƙafar baya ta zama mai sifok 36, wato siraran wayoyin da ke riƙe rim. A nan nauyi yake taruwa, kuma sifok ɗin ɓangaren firiwil su suka fi tsinkewa, su ne kuma ba sa canzuwa sai an kwance firiwil ɗin. Saboda haka a ɗaure ƙarin sifok shida a jikin firam da salatif, a ɗauki makullin kwance firiwil, ɗan ƙaramin ƙarfe ne da ba ya cika tafin hannu. Ɗaya ya tsinke, a canza shi a ranar. Idan aka bar shi, maƙwabtansa ne ke ɗaukar nauyinsa, jibi sai uku sun tafi, ƙafa ta karkace tana gugar birki.

Kaya kada su wuce kilo 15, in an matsa 18, masu nauyi a ƙasan jaka. Jakar goyo ba ta cikin lissafi, bayan mutum zai jiƙe ya yi ƙuraje. Tif biyu, faci da sholisho, famfo, sifana mai lamba 15 ta feda, makullan alan 4 da 5 da 6, abin yanke sarƙa, filaya. Notukan kariya girgiza ke kwance su a hankali, a bi su da makulli kowace safiya. Wajen loda keken a mota a cire feda, a tuna ta hagu zarenta a juye yake, a naɗe abin canza giya na baya da kwali, don shi ke fara lanƙwashewa in an ɗora masa buhu. Rasidin sayen keken ya kasance a aljihu saboda 'yan kwastan.

Ɗan Jos yana taƙama da ƙafa, kuma yana da gaskiya, wanda ya saba da tuddan Filato ko ya taɓa gwada Hawan Kibo ba zai ji tsoron 'yan hawa da gangaren da ke tsakanin Takoradi da Cape Coast ba. Abin da zai kayar da shi zafi ne mai danshi. A nan muna kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, gumi na fita yana bushewa yana sanyaya jiki. A can gumi zuba yake yi ba ya bushewa, jiki na ta zafi mutum na ta tsiyaya. A hau da an idar da sallar Asuba gari ya fara wayewa, a sauka kafin ƙarfe 11, a bar kilomita 60 zuwa 70 a rana, kwana biyun farko ma 40 ta isa. Haka tafiyar za ta ci kwana 10, da hutu biyu 12. Ruwa kusan lita ɗaya kowace awa, wato ledar fiya wata biyu. Ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da ya fita, shi ya sa ake samun ɗaurewar jijiya da ciwon kai. A lita ɗaya a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri, ko a sha ruwan kwakwa, ga ta nan ko'ina a gefen hanya. Fitsari ya yi ja, a tsaya. Wando mai soso a ciki guda biyu, a wanke ɗaya kullum, domin gumi da gishiri a matsematsi sun sauke mutane da yawa daga keke fiye da tudu. Gidan sauro kuwa ba a barinsa.

Ita hanyar ba duka ce mai daɗi ba, gara a faɗi gaskiya. Babbar hanyar N1 ta Gana cike take da tireloli da bas-bas, kuma sau da yawa takan yi nisa da ruwa, sai an riƙa saukowa garuruwan masunta. Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwarsu a 1482, da Cape Coast da Anomabo da Apam sun cancanci wannan ratsen: jiragen kamun kifi masu fenti kala-kala jere a ƙarƙashin farin ginin da aka tsare bayi a cikinsa, mata na ƙyafe kifi a murhun laka. Daga Kasoa zuwa cikin Akra har a wuce Tema, a saka keken a mota, babu abin gani sai hayaƙi da hatsari. Bayan an haye Kogin Volta ta gadar Sogakope, kada a miƙe zuwa Aflao. A karya dama a mahaɗar Dabala a bi ta Anloga, ƙasar masu noman ƙananan albasa, zuwa Keta. A nan hanya ke bin wani siririn tudun rairayi, tafki a hagu teku a dama, ga ragowar ganuwar Prinzenstein ta 1784 wadda teku ya cinye wani ɓangarenta. A ganinmu nan ne zuciyar tafiyar. Togo kuwa gaɓarta ba ta kai kilomita 60 ba, wuni ɗaya daga Lome zuwa Aneho an gama, sai a yi hattara da manyan motocin tashar jiragen ruwa.

Tekun nan na kallo ne. Igiyarsa tana da wani ja da ke fizgar mutum zuwa ciki, kuma yawancinmu 'yan tudu ne da ba mu iya ruwa ba. A tsoma ƙafa inda masunta suka nuna, a tsaya nan.

Iyakoki biyu ne a tsakani, Aflao zuwa Lome, da Sanvee Condji zuwa Hillacondji. A je da safe, a tabbata an buga hatimin fita da na shiga, a yi kwafin fasfo a ajiye daban. Gana sidi ake kashewa, Togo da Benin sefa, kuma a riƙe canji ƙanana. Gana da Togo suna bayanmu da awa ɗaya, Benin kuwa agogonmu ɗaya, mai lura da lokacin salla ya gyara wayarsa. Abin da Bahaushe ke da shi a wannan hanya wanda Bature mai keke ba shi da shi, zango ne. Tun zamanin fataken goro da suka bi hanyar Gwanja mutanenmu suka zauna a waɗannan ƙasashe, kusan duk babban gari akwai unguwar zango da masallaci da mai jin Hausa, daga Nima a Akra har Lome da Kwatano. A nan za a sami koko da ƙosai da asuba, da shinkafa da wake wadda su ke kira waakye, da wanda zai nuna masauki mai sauƙi inda za a yarda a shigar da keke ɗaki. Kada a bar shi ya kwana a waje, ko ba ɓarawo akwai raɓar gishiri.

A Benin, daga Grand-Popo, inda Kogin Mono ke shiga teku, sai Wida, sai tsohuwar hanyar masunta da ke bin bakin ruwa cikin itatuwan kwakwa har Kwatano. Wani ɓangarenta kwalta ne, wani rairayi mai zurfi da sai an sauka an tura, a tambayi 'yan acaɓan garin, waɗanda suke kira zem, halin da take ciki kafin a shiga. A Kwatano a sauka ke nan. Hanyar Seme zuwa Legas ta mota ce. Da an iso gida a kwance ƙafafun biyu a duba boris, a wanke a sake giris, a zare sandar sirdi a goge ta tun ba ta kama ba.

Mun gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu hawan keke da gyaransa,
Jos, Jihar Filato