Na sa hannu a Sifen, yanzu sun ce babu fita

Assalamu alaikum Barista, Allah ya ƙara basira. Kwana uku ke nan ban runtsa ba, tun da saƙon wani kulob ɗin hutu da na shiga a Sifen ya shigo cewa in biya kuɗin shekara ta biyu ko su haɗa ni da masu karɓar bashi.

Bara ne muka je Tenerife, a tsibiran Kanariya na ƙasar Sifen, ni da maiɗakina. Shekara 11 da aurenmu ban taɓa fita da ita ko'ina ba, saboda haka kada a ce almubazzaranci ne ya kai ni. Muna tafe a bakin teku wani saurayi ya tare mu da katin kankarewa, wai mun ci kyauta. Suka kwashe mu a mota zuwa wani otal. Barista, awa biyar muna zaune, wannan ya tashi wancan ya zauna, kowa da bakinsa kamar zuma. Wai kulob ɗin hutu ne na shekara 10, duk inda muka sauka sai an yi mana rangwame, amma farashin na ranar ne kaɗai. Maiɗakina sai kallona take, ga yunwa, ga kunya. Na sa hannu. Nan take suka zari kafin alƙalami daga katina. Ni kuwa ko fom ɗin banki ba na cikewa sai na karanta.

Da muka dawo na kira su na ce na fasa. Wata mata ta ce ta rubuta. Ban ajiye sunanta ba, ban kuma aika komai a rubuce ba, don na ɗauka mutanen kirki ne. Ashe macizai ne.

Yanzu wani abokin aikina ya ce dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta ba mai saye kwana 14 ya janye ba tare da faɗin dalili ba, kuma ta hana a karɓi ko anini a cikin kwanakin. Ya ce in ba su ba ni fom ɗin janyewa ba, wa'adin na iya kaiwa shekara ɗaya da kwana 14. Na birkice takardun ban ga fom ba, ko da yake wasu suna jakar maiɗakina. Ya kuma ce daga biya na biyu mutum zai iya fita ba tara, in ya sanar cikin kwana 14 da samun takardar neman kuɗin. To akwai wani imel da suka turo tun kafin wannan saƙon da ya hana ni barci, ban buɗe ba.

Ni da ba ɗan Turai ba, dokar ta san da zamana? Sannan Barista, maiɗakina ba ta san ainihin abin da suka cira ba, rabi na gaya mata. In na nemi takardun jakarta za ta tambaye ni dalili. Me zan ce mata?

Naka,
Mai neman mafita