Gaisuwar Nowel daga Abijan zuwa Tawa

Abijan, 24 ga Disamba

Zuwa ga Baba da Inna, da ƙannena duka.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu. Barkanku da sallar Nowel. Ina gajiya, ina sanyi? Na san yanzu hazo ya rufe Adar, kowa na neman bakin murhu da asuba. Mu nan gumi muke sharewa. Ina lafiya lau, aiki sai godiya.

Baba, ku ba ni izini in yi wa yara magana a gabanku. Ba ku nake koya wa ba, a bakinku muka fara jin cewa tsoron Ubangiji shi ne mafarin hikima. Tana nan a Karin Magana 9:10, Zabura 111:10 ta maimaita, Ayuba 28:28 ma haka. Abin da ke damuna, kalmar ta yi arha. Kowa a kasuwa na cewa "ka ji tsoron Allah", galibi sa'ad da aka taka shi, ba sa'ad da shi ya taka wani ba.

Tsoro iri biyu ne, kuma labarin Nowel ya raba su sarai. Makiyaya sun firgita da ganin mala'ika, aka ce musu kada su ji tsoro. Maryamu kuwa, a Luka 1:50, ta ce jinƙan Allah yana kan masu tsoronsa. Na farko tsoron ɓarawo ne da ya ji motsi, yana sa mutum gudu da ɓuya. Na biyu irin wanda ɗa ke yi wa mahaifinsa ne: ba bulala yake gudu ba, ɓacin ran uban ne ba ya so, shi ya sa halinsa ɗaya ko uban na gida ko ya yi tafiya. Ku duba Fitowa 20:20, Musa ya haɗa su biyun cikin aya guda.

An ce mafari, wato harsashin gini. Duk wanda ya ga ɗakin laka ya zube da damina ya san daga ƙasa ruwa ke cin bango, ba daga rufi ba. Sulemanu ya fi kowa sani, amma 1 Sarakuna 11 ta nuna yadda zuciyarsa ta karkata da tsufa. Sanin yana nan, gindin ne ya ruɓe.

Ga abin da nake roƙo. Karin Magana sura 31 ce, Janairu kwana 31. Ku fara ran 1 ga wata, sura ɗaya kowace rana, bayan tuwon dare kafin barci ya kama ƙanana. Minti 15 ya isa. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, kowa ya faɗi ayar da ta taɓa shi, a zaɓi guda a haddace, Auta ya maimaita ta da safe kafin ya tafi lakwal. A rufe da addu'a gajera, ta neman hikima kamar yadda Yaƙub 1:5 ya ce a roƙa.

Abin da ke kashe irin wannan karatu sananne ne. Ana farawa da zafi, sura uku uku, kafin mako biyu kowa ya gaji. Ko a tsallake kwana biyu a ce sai an rama, bashin ya taru, a watsar. Kada ku rama. In yau 12 ga wata, ku buɗe sura 12, wadda ta wuce za ta dawo wata mai zuwa. Sura 1 zuwa 9 doguwar nasiha ce ta uba ga ɗansa, a karanta su a jere ba tsayawa. Daga sura 10 gajerun zantuka ne, kowanne da kansa yake tsaye, nan ne ake tafiya a hankali. Sura 5 da 7 kan zina suke, na san kunya ba za ta bari a karanta su gaban Baba ba. Kada a tsallake: samari su karanta da Kawu, ƴan mata da Inna. Sannan yaran da suka saba da Faransanci suna tuntuɓe da rubutun Hausa. A nuna musu tun ranar farko cewa c ita ce ta "ci", u ita ce ta "uwa", kuma ƙ, ɗ, ɓ ba k, d, b ba ne. In tsohon Littafi Mai Tsarki na Baba za a ɗauka, fassarar 1932, sunan littafin a can Misalai.

Kai kuma ƙanena mai bi mini, tunda tiya da buhu ke hannunka, naka gwajin a rumfa yake. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana ajiye ma'auni biyu, babba da ƙarami. A wurinmu ma'anarta ke nan: tiyar da ka sayi hatsi da ita a ƙauye, da ita za ka sayar a Tawa. Ba mai bubbugaggen gindi, ba tsororon tiya ya cika a saye ya faɗa a sayarwa. Albasa ma haka. Ka san dabarar da ake yi, manya a bakin buhu, ƙanana da masu rauni a tsakiya. Buhun nan kwanaki yake yi a mota kafin ya iso nan, guda ɗaya mai ruwa ta isa ta ɓata na kewaye da ita, dillali kuma ba ya manta alamar buhun da ya cuce shi. Wasu kuma suna ta ban ruwa har daf da cira don nauyi. Ka yanke ruwa kamar mako biyu kafin cira, ka bar wuyanta ya bushe sosai kafin a zuba a rudu, wato rumbun albasa. Albasar Galmi ta yi suna ne don tana jure ajiya, kada haɗama ta zubar mata da mutunci a hannunka.

Ƴan ƙwadagon da ke cika maka buhu, ka biya su kafin rana ta faɗi. Littafin Firistoci 19:13 bai yarda ladansu ya kwana wurinka ba. "Gobe ka dawo" a bakinka kalma ce, a gidansa tukunya ce da ba a ɗora ba.

Maganar lamuni fa, ka karanta Karin Magana 22:26-27 kafin ka ɗora hannu kan takardar bashin wani. Ayar ta ce har shimfiɗar da kake kwance a kai za a janye. In kana so ka taimaki aboki, ba shi abin da za ka iya rasawa ba tare da gida ya ji ba. Yawancin masu tsayawa lamuni ba tausayi ke sa su ba, kunyar cewa a'a ce, kuma 29:25 ta kira tsoron mutum tarko.

Ke ƙanwata, na ji ke ce uwar adashen matan ikilisiya. Mata 10, jika 5 kowane mako, jika 50 ke nan na kwana a ɗakinki. Ki sayi littafi, kowane zubi a rubuta a gaban mai shi, kwasa kuma a gaban shaidu biyu. Kada ki ranta daga ciki ko dala ɗaya da niyyar mayarwa, daga nan ake somawa. Hananiya da Safiratu na Ayyukan Manzanni sura 5 ma kyauta suka kawo, ɓoyon wani kashi na kuɗin da suka yi ne ya kashe su.

Na aiko da kuɗin salla da sunan Baba, lambar karɓa na cikin saƙon waya. A sayi shinkafa, mai da akuya. Inna, don Allah a fara fitar da kwanon maƙwabta kafin a zuba na gida, su da ba sa manta mu da naman layya. A kai wa gwauruwar nan ta bayan gida nata da zafinsa. Sauran canjin a saya wa Auta rigar sanyi.

Ku gaida Fasto da iyalinsa, da Kawu, da Gwaggo da jikinta. Gobe bayan an taso daga sujada zan kira, a bar wayar da caji.

Ni ne ɗanku na Abijan.