A leƙa tasha ma, ba filin jirgi kaɗai ba

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a bani ɗan fili in yi magana kan tafiye-tafiye a lokacin korona, shekarar 2020, sabida duk labarin da nake gani a lokacin na filin jirgi ne, tasha kuwa shiru kaman ba can jama'a suke ba.

An buɗe zirga-zirga tsakanin jihohi ranar 1 ga Yulin 2020, jiragen cikin gida suka biyo baya, Legas da Abuja ranar 8, Kano da Maiduguri da Fatakwal da Owerri ranar 11, sauran filayen jirgi irin namu na Katsina mai sunan Umaru Musa Yar'adua akace 15 ga wata. Kuma tsakani da Allah ministan jiragen sama na lokacin, Hadi Sirika, ɗanmu na nan jihar, yayi ƙoƙari, mun gani a talabijin an shata inda kowa zai tsaya, ba takunkumi ba shiga, a auna zafin jikinka tun bakin ƙofa a fesa ma jakarka magani, ƴan rakiya kuma su tsaya waje. Madalla. Toh amma mutum nawa ne a Katsina ke hawa jirgi? Mai kai mara lafiya asibiti Kano, da mai zuwa saro kaya Kantin Kwari, da tsohuwar da zata gaisuwar mutuwa Funtua, duk Golf da Sharon da bas ne jirginsu.

Mu tuna yanda akai lokacin kulle. Tun Afrilu da wani likita ya rasu a Daura aka tabbatar cutar ce, gwamnan Katsina na lokacin, Masari, ya kulle garin, daga 4 ga Mayu kuma shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya hana ƙetara jiha a ƙasar baki ɗaya. Shin mutane sun daina tafiya? Wallahi basu daina ba, tafiyar ce kawai ta koma ta ɓoye. Mota ta sauke ku kafin shinge, ku hau kabu-kabu uku-uku ku ratsa ta cikin gonakin mutane, wata motar na can gaba tana jira, ko kuma direba ya leƙo ya miƙa na goro a ɗaga mashi itace ya wuce, wasu ma cikin tirelar hatsi ko ta shanu suke shigewa tunda kayan abinci ba'a hana su ba, a lulluɓe su da tampol numfashin wannan na shiga hancin wancan har Legas. Kuɗin mota ya ninka, kuma wa ya auna zafin jikin wa? Ga shi jihar da ƴan bindiga suka hana su Batsari da Safana da Faskari barci, ace a nan ne talaka zai koma bin hanyar daji da dare. Su kansu gwamnoni a lokacin suna ta kwasar almajirai a motoci ana maida su jihohinsu, wasu sai da suka isa aka gwada aka samu suna da ita.

Da aka buɗe hanya a Yulin 2020 kuma akace mota ta ɗauki rabin fasinja. A baki abin ya yi daɗi. Amma Golf ɗin da ta saba gaba biyu baya huɗu in ka ce uku zata ɗauka, wa zai cike giɓin? Fetur a watan Yulin 2020 ya haura naira 140 lita, mai mota na jiran balas ɗinshi da yamma, ga kuɗin tasha ga na ɗan kamasho ga masu shinge da basu rage ko sisi ba. Sai direba ya karɓi kuɗin kujera biyu a hannunka cikin tasha, ku fita da sarari kowa na jin daɗi, ana wuce ƙofar gari ya taka birki ya cike motar da ƴan bakin hanya, ka biya na biyu ka zauna a rabi. In kayi magana ace kai ka cika tsoron mutuwa. Ni dai ban ga laifin direba shi kaɗai ba, an ɗora mashi doka ne ba'a sauke mashi ko ɗaya daga cikin kayan dake kanshi ba.

Abin da nake roƙo a lokacin ba mai tsada bane. A rage shingayen nan, a ɗage kuɗin tasha na ɗan lokaci in ana so a kama direba da hujja. A aje bokiti mai famfo da sabulu wanda akwai ruwa a ciki da gaske, a turo ma'aikacin lafiya ko ɗaya ne da abin auna zafi. Takardar nan da ake rubuta sunan fasinja ma a daina wasa da ita, lambar waya ta gaskiya a sa, don in wani ya kamu da ita za'a nemo waɗanda suka zauna kusa dashi.

Kuma a lokacin abin na buƙatar sauri, don Babbar Sallar 2020 ƙarshen watan Yuli ce. Raguna zasu fara tashi daga Mai'adua da Charanchi zuwa kudu, ƴan ci-rani zasu taho gida, ga dokar hana fita daga 10 na dare zuwa 4 na asuba a lokacin tana nan, motar Katsina zuwa Legas kuwa da wuya ta isa kafin 10, dole a kwana a hanya a cunkushe wuri guda. Ya kamata a lokacin kwamitin yaƙi da korona na su Boss Mustapha ya faɗa mana inda waɗannan mutanen zasu kwana.

Naku,
Mai karatu daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.